Masara Mai Zaƙi: Yadda Ake Shuka Da Yadda Ake Cira

Mai karatu, darasinmu na yau a kan masara ne. Ba masarar tuwo ba. Masarar da ake karyawa ɗanya, a gasa ko a dafa, a ci ta a kan totuwarta. Za mu ga yadda ake shuka ta, da yadda ake yi mata cira, wato rage tsiro idan ya yi yawa a rami. Ka karanta a hankali. Inda ka ga lissafi, ka ɗauki alƙalami ka yi shi da kanka.

Ƙasarmu da ruwanta

A Anu Araren, kusa da Cirozerin, ake haƙo gawayin ƙasa. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, kuma a 1981 tasharsa ta soma ba da wutar lantarki. Don wuraren haƙar yuraniyom na Arlit da Akokan aka gina ta. A Arlit an soma fitar da yuraniyom a 1971, a Akokan kuwa a 1978. Mutane suka taru daga ko'ina, garuruwa suka kafu a tsakiyar hamada. Mutanen nan sayen abinci suke yi, ba nomawa ba. A ƙarshen watan Maris na 2021 kamfanin COMINAK na Akokan ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Wannan ya nuna mana albashi yana ƙarewa. Wanda ya iya aikin garka, yana da abin komawa.

Amma garka a nan ba kamar gonar Maraɗi ba ce. Ruwan saman da ke sauka a Agadas cikin shekara bai cika wuce milimita 150 ba. Na Arlit bai kai rabin haka ba. Masara kuwa tana bukatar milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi. Ke nan rijiya ce damanarmu. Ko sunan Anu Araren da rijiya ya soma, don "anu" rijiya ke nan da harshen Abzinawa. Masu garake na Dabaga da Tabelot da Timiya da Iferwan sun daɗe suna noman alkama da masara da ruwan rijiya. Da can sa ko raƙumi ke jan guga, abin da ake kira takarkart. Yanzu da yawa sun koma inji, shi kuma inji mai yake sha.

To, ga abin da za ka riƙe. Duk karan da ke tsaye a garkarka, ruwanka yake sha. In bai ba ka goyo ba, ya ci ka. Duk ramin da ka shayar babu tsiro a ciki, shi ma ya ci ka. Manufar darasin nan ita ce kowane rami ya samu tsiro, kowane tsiro ya samu wuri, kowane kara ya yi goyo babba.

Wace ce masara mai zaƙi?

Asalin masara daga ƙasar Meksiko take. Can aka soma noma ta, shekaru kimanin 9000 da suka wuce. Ta iso Afirka bayan shekara ta 1500. Tana da iri-iri. Akwai masarar gari, wadda muka sani. Idan ƙwayarta tana nuna, sukarin da ke ciki yakan rikiɗe ya zama gari. Akwai kuma mai zaƙi. Ita sukarinta ba ya saurin rikiɗa, shi ya sa take da daɗi ɗanya.

Ka duba irinta a tafin hannu. Za ka gan shi a yamushe, ba nauyi, kamar ya lalace. Bai lalace ba, haka halittarsa take. Amma guzurin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne. Saboda haka tsironta rago ne a kwanakin farko. Ba ya son rami mai zurfi, ba ya son ƙasa mai sanyi, ba ya son ruwa ya kwanta masa.

In ba ka samu irin mai zaƙi ba, kada ka fasa. Masarar gari ma ana karya ta ɗanya a gasa. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da irin da ake kira P3 Kollo. Abin da za mu faɗi a nan ya shafi duka biyun.

Gwada iri kafin shuka

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Irin masara mai zaƙi ba ya jure ajiya, balle a ɗaki mai zafi irin namu. Kada ka yarda da kyan takarda. Mako guda kafin shuka, ka ƙirga ƙwaya 20. Ka jiƙa tsumma mai tsabta, ka matse shi, ka jera ƙwayoyin a kai, ka naɗe. Ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa safe da maraice. Bayan kwana 5 zuwa 7 ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsira.

In 17 ko fiye suka tsira, irin mai kyau ne. In 14 zuwa 16 ne, ka ƙara ƙwaya ɗaya a kowane rami. In ba su kai 14 ba, ka nemi wani iri. Gara ka yi asarar kuɗin iri da ka yi asarar ruwan wata uku.

Abu biyu za ka duba kuma. In ka ga an rubuta F1 a jikin takarda, irin aure ne. Yana ba da amfani sosai, amma ba a ajiye ƴaƴansa don shukar gaba. In ka ga ƙwayar da launi, ja ko shuɗi ko kore, an shafa mata magani. Ba a ci, ba a ba kaji, a kawar da ita daga yara. Ka wanke hannu da sabulu bayan shuka.

Lokacin shuka

Masara tana tsoron abu biyu a ƙasarmu: sanyi ranar shuka, da zafi ranar fure. A watan Disamba da Janairu ƙasa tana yin sanyi da dare. Ƙwaya takan daɗe ba ta fito ba, wata ta ruɓe a rami. A watan Afrilu da Mayu da Yuni kuwa zafi yakan wuce digiri 40. Garin furen masara yakan soma mutuwa da zarar zafi ya wuce digiri 35, in iska busasshiya ce. In ya mutu, za ka ɓare goyo ka tarar da giɓi, ƙwaya nan da can.

Masara mai zaƙi takan yi fure kwana 50 zuwa 60 bayan shuka. To, sai ka yi lissafi da yatsa. Wanda ya shuka a Yuli, furensa zai faɗo ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Wanda ya shuka farkon Oktoba, furensa zai zo zafi ya sauka. Wanda ya shuka a Maris, furensa zai faɗa tsakiyar bazara. Ka tambayi tsofaffin masu garka na ƙoramarku da malamin gona, don sanyin kan dutse ba ɗaya yake da na Arlit ba.

Tazara

Kada ka shuka da ido. Ido yana ruɗi. Ka yanki sanda biyu. Ta farko santimita 75, wato kamu ɗaya da rabi. Ita ce tazara tsakanin layi da layi. Ta biyu santimita 25, wato ɗani ɗaya da ɗan ƙari. Ɗani shi ne daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka buɗe hannu. Ita ce tazara tsakanin rami da rami. Ka ja igiya, layi ya miƙe. In fangali kake shayarwa, ka ja layin ya ratsa fangalan, tazarar ba ta sakewa.

Hanya biyu ce, ka zaɓi ɗaya:

Ta farko: rami kowane santimita 25. Ka sa ƙwaya 2. Bayan cira a bar tsiro 1.

Ta biyu: rami kowane santimita 50. Ka sa ƙwaya 3. Bayan cira a bar tsiro 2.

Yawan kara ɗaya ne a hanyoyin biyu. Amma ta farko ta fi ba da manyan goyo, don kowane kara yana cin gabansa shi kaɗai. Mai sayen masarar gashi girman goyo yake dubawa.

Zurfin rami

Ka shayar da wurin kwana ɗaya kafin shuka. Ƙasa ta zama da laima, ba caɓi ba. Masara mai zaƙi a sa ta zurfin santimita 2 zuwa 3, wato gaɓar yatsa ɗaya da ɗan ƙari. In ƙasar rairayi ce mai saurin bushewa, a kai santimita 4. Masarar gari tana jure gaɓa biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zurfin ya zama ɗaya a ko'ina, don su fito rana ɗaya. Ka sa alama a jikin itacen da kake huda ramin da shi.

Kada ka tara ƙwayoyin wuri ɗaya cikin rami. Ka raba su da faɗin yatsa biyu. Ranar cira za ka ga amfanin haka, don saiwoyinsu ba za su sarƙe ba. Ka rufe, ka danna kaɗan da tafin hannu. In za ka sa takin zamani, kada ya taɓa ƙwaya, yana ƙone ta. Takin dabbobi kuwa sai wanda ya ruɓe, a gauraya shi da ƙasa tun wajen gyaran wuri.

Cikin kwana 5 zuwa 7 za ka ga tsiro. A kwanakin nan ka tsare wurin daga kaji da tsuntsaye da ɓeraye. In saman ƙasa ya yi ɓawo mai tauri, ka yi ɗan yayyafi ya yi laushi.

Kada ka yi dogon layi guda

Masara ba zuma ke yi mata aure ba, iska ce. Garin fure yana zubowa daga kan kara, ya sauka a kan gemun goyo. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce. Silin da bai samu garin fure ba, gurbinsa a totuwa zai zauna wayam. In ka yi dogon layi guda a bakin shinge, iska za ta kwashe garin ta zubar a banza. Ka yi gajerun layuka, aƙalla 4, kusa da juna. Ta duk inda iska ta kaɗo, garin zai faɗa kan wata masarar.

Ga wani abu kuma. In garin furen masarar gari ya sauka a kan gemun mai zaƙi, ƙwayar takan rasa zaƙinta tun a wannan goyon. Ka raba su da nisa, mita 100 ko fiye. In wuri bai isa ba, ka raba su da lokaci: mako 2 zuwa 3 tsakanin furen wannan da na waccan. Ka yi shawara da maƙwabcin garkarka kafin ku shuka.

Cira

Nan ne mutane da yawa ke kasawa. Mutum ya ga tsiro huɗu kore shar a rami, sai ya ji tausayi. Ya ce ai dukiya ce, yaya zan cire? Ka tuna gero yana jure taro a gindi ɗaya, masara ba ta jurewa. Huɗu a rami kamar yara huɗu ne a kan kwanon mutum ɗaya. Za su yi tsawo, su yi siriri, suna tseren neman rana. Wasu za su ba da ɗan goyo kamar yatsa. Wasu ba za su goya ba sam.

Yaushe ake cira? Kwana 10 zuwa 15 bayan fitowa, lokacin da tsiro yake da ganye 3 ko 4, tsawonsa bai kai ɗani ɗaya ba. In ka yi tun da wuri ƙwarai, ba ka san mai ƙarfi ba tukuna, kuma tsutsa tana iya yanke wanda ka bari. In ka makara, saiwoyi sun sarƙe, kuma sun riga sun raba abincin.

Wane za a bari? Mai kaurin gindi, mai ganye kore sosai. Kada tsawo ya ruɗe ka. Ka cire siriri, da mai rawaya, da mai zane-zane a ganye, da wanda ya nannaɗe.

Yaya ake yi? Ka yi da maraice, bayan ka shayar, ƙasa na da laushi. Ka dafe gindin wanda za ka bari da yatsu biyu na hannun hagu. Ka ja ɗayan da hannun dama, a hankali, zuwa gefe. Sa'an nan ka mayar da ƙasa ka danna. In sun manne da juna, kada ka ja. Ka sa wuƙa ka yanke shi ƙarƙashin ƙasa kaɗan. In a sama ka yanke, zai sake tohowa, don idon tsiron masara yana cikin ƙasa har sai ta yi ganye wajen 6.

In irin mai magani ne, kada ka ba awaki abin da ka cire. Ka binne shi a ramin taki.

Ramin da bai fito ba

Ka zaga garka kwana 7 bayan shuka, ka ƙirga ramukan da ba su fito ba. In za ka sake sa iri, ka sa nan take. Kada ka bari ya wuce mako guda bayan fitowar sauran. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Tsiron da ya makara inuwa za ta danne shi, ya sha ruwa, bai ba da kome ba.

Masarar da aka tumɓuke ba ta son dashe. Ga dabarar da ta fi. Ranar da kake shuka, ka cika ƴan ledoji 20 ko 30 da ƙasa, ka huda gindinsu, ka sa ƙwaya ɗaya ɗaya. In gurbi ya samu, ka yaga leda, ka dasa tsiron da ƙasarsa, da maraice. Shekarunsu ɗaya da sauran, za su tashi tare.

Bayan cira

Ranar cira ka yi noman farko, don ciyawa ma ɓarauniyar ruwa ce. Kada hauya ta nutse kusa da gindi. Bayan haka ka sa takin ure, kimanin rabin murfin kwalbar lemo ga kowane kara. Ka sa shi nesa da gindi da faɗin yatsa uku, ka rufe da ƙasa, ka shayar. Takin da aka sa kafin cira, rabinsa na waɗanda za a zubar ne.

Ka duba cikin kunnen ganye. A 2016 wata tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka ta bayyana a Afirka ta Yamma, ta bazu ko'ina. Tana ɓuya a tsakiyar ganye, ta bar huji da kashi kamar dusa. In ka gan ta ko ƙwanta, ka murtsuke, ka sanar da malamin gona.

Wani lokaci masara mai zaƙi takan fitar da ƴaƴa a gindi. Waɗannan ba a cire su. Cirewa ba ta ƙara amfani, sai dai ta ji wa kara rauni. Daga fitowar fure zuwa cikar ƙwaya kuwa, kada ka bari ta ji ƙishirwa ko na kwana ɗaya.

Mu yi lissafi

A ce wurinka mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi. Layi 13 zai ɗauka. Kowane layi rami 40. Ke nan 13 sau 40, kara 520. Irin da za ka bukata ƙwaya 1040 ne, wajen rubu'in kilo.

Milimita ɗaya ta ruwa ita ce lita ɗaya a kan mita ɗaya tsawo da faɗi. Milimita 500 a wurin nan naka lita 50,000 ke nan. Tano 250, irin mai cin lita 200. In ka raba wa kara 520, kowane kara ya sha kusan rabin tano. A zafinmu ma ya fi haka.

A ce kowane kara ya ba da goyo ɗaya mai kyau, ka sayar dala 20. Kuɗinka dala 10,400, wato jikka 52. In rami 100 sun zauna wayam, jikka 42 za ka samu. Ka yi asarar jikka 10, alhali ruwa da man da ka kashe ɗaya ne. In kuma ka ƙi cira, kara zai yi yawa, goyo ya ƙanƙance, mai saye ya taya da arha.

Karya da sayarwa

Kwana 20 ko kusa da haka bayan gemu ya fito, za ka ga ya bushe ya yi duhu. Ka ɓare bakin goyo ɗaya, ka soki ƙwaya da farce. In ruwa fari kamar madara ya fito, ta yi. Ka karya da asuba, ka bar ta cikin ɓawonta, a inuwa. Zafi yana cinye zaƙinta cikin yini guda, don haka ka shirya mota ko mai saye tun jiya. Kada ka shuka duk garkar rana ɗaya. Ka raba ta kashi uku, mako 2 tsakanin kowane kashi. Ta haka ba za ta nuna maka gaba ɗaya ba, kasuwa ta ƙi ɗauka.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a zurfafa ramin masara mai zaƙi?
2. Ka gwada ƙwaya 20, guda 12 suka tsira. Me za ka yi?
3. Ganye nawa tsiro yake da shi ranar cira?
4. Me ya sa ake yanke tsiro ƙarƙashin ƙasa?
5. Layi 6, kowane layi rami 40. Kara nawa ke nan bayan cira, in an bar ɗaya ɗaya?

Aikin yi

Ka samu littafi, ka rubuta ranar shuka, da ranar fitowa, da ranar cira. Ka bar layi ɗaya a gefe ba ka yi masa cira ba. Ranar karya ka ƙirga goyon da ya isa sayarwa a layin nan, da na layin da ke kusa da shi. Ka rubuta lambobin biyu, ka kawo aji mu karanta tare. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a rijiya.